Kada ka kwance shanun nan tukuna: amsa ga mai tambaya a kan safaya da yakutu

Wani bawan Allah, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram ta Jihar Jigawa, ya aiko mini da tambaya haɗe da hotuna. Ƙanensa ne ya je cin rani tsaunin Mambila wajen masu haƙar safaya, ya dawo gab da faɗuwar damina da 'yan duwatsu shuɗɗa guda tara ƙulle a leda. Uku da hannunsa ya wanko su daga laka, shida kuma sayensu ya yi a bakin rami, a hannun wani da ya ce matsuwa ce ta sa zai rabu da su. Sun goga su a gilashin taga, duk sun kankare shi. Sun kai wa wani mai gyaran agogo, ya ɗora musu ɗan abin gwajin nan mai kama da biro, ya yi ƙara. Yanzu kuma wani dillali ya fito da jan dutse yankakke, ya ce yakutu ne, yana so su sayar da shanun huɗa a haɗa jari. A ƙarshe ya tambaya a kan murjanin mahaifiyarsu da wani zobe mai shuɗin dutsen nan fairuz da aka yo masa tsarabarsa daga aikin hajji. Ya ce: na gaske ne? Kuma ku a ɗakin gwaji ta yaya kuke ganewa?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da damina mai albarka. Kafin in shiga bayani, ga magana ɗaya: bar shanun nan a turkensu. Duk gwajin da kuka yi, babu guda a ciki da ya isa a sayar da ko akuya a kansa.

Na faɗi haka da zafi ne don na ga irinta a gidanmu. Ina yaro, a ƙauyenmu da ke kudancin Kano, kan hanyar Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, wani kawuna ya sayar da masarar shekara guda ya sayi wani koren dutse mai girman ƙwallon dabino. An ce masa zumurrudu ne. Ya naɗe shi a tsumma ya jefa a ƙasan adaka, yana jiran ranar da zai samu mai saye na ƙwarai. Da na koyi wannan sana'a, shi ne dutse na farko da na ɗauko daga gida na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ko minti ɗaya ban yi ba na ga 'yan ƙwallayen iska zagaye sumul suna ƙyalli a cikinsa, ga wasu layuka suna murɗewa kamar zuma a cikin ruwa. Gindin kwalba ne, aka faffasa gefensa aka cuɗa shi da jar ƙasa. Da na gaya wa kawu, ya daɗe yana kallon tsumman bai ce uffan ba. Tun daga ranar ba na iya yi wa irin tambayarka amsar sama-sama.

Hotunanka sun fito da kyau, amma ba a gane dutse a hoto, kuma duk wanda ya ce maka ya gane ta waya, cinikin biri a sama yake so ku yi. Launi shi ne shaidar da ta fi kowace rauni a wannan aiki. Shuɗin dutse zai iya zama safaya, zai iya zama sifinel, tofas, akwamarin da 'yan haƙa ke ce wa akwa, tomalin, zakon, ko kwalba tsagwaronta. Ko sarakuna launi ya yaudare su. Jan dutsen nan da ke goshin kambin sarautar Ingila, mai nauyin kusan karat 170 (karat ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja ne), an shafe ɗaruruwan shekaru ana kiransa yakutu, daga baya aka gano sifinel ne. Kama da wane ba ta wane.

Maganar kankare gilashi ita ce ta fi cin mutane a ƙauyukanmu. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu bisa taurinsu daga 1 zuwa 10. Daiman ne a 10, safaya da yakutu a 9, tofas a 8, farin dutsen nan kwaz a 7. Gilashin taga yana wajen 5 da rabi. Ka ga ke nan farar tsakuwar da garmarka ke tonowa a gona, wadda yawancinta kwaz ce, ita ma tana kankare gilashi. Abin da gwajinku ya nuna kawai shi ne duwatsun sun fi taga tauri. Sannan goga dutse a jikin abu yana iya ɓantare masa baki, kuɗinsa ya ragu. Abin mai gyaran agogo kuwa, saurin da zafi ke ratsa dutse yake aunawa, kuma don daiman aka yi shi. Safaya na saurin janye zafi, saboda haka idan ba a saita abin daidai ba sai ya yi ƙara a kanta. Ko a kan daiman ɗin ma ba a dogara da shi shi kaɗai, don mosanait, wani dutsen masana'anta da ya shigo kasuwa a 1998, yana wuce wannan gwaji salin alin.

A ɗakin gwaji ba ma tambayar "na gaske ne ko jabu?" a dunƙule, don tambayoyi uku ne a ƙunshe a ciki, kuma kowacce da kayan aikinta. Da farko, wane irin dutse ne? Idan an san sunansa, to a cikin ƙasa Allah ya halicce shi ko a tanderun masana'anta aka dafa shi? Idan na ƙasa ne, me hannun ɗan Adam ya yi masa bayan an tono shi? Dutse na iya cinye ta farko ya faɗi a ta biyu. Yana iya cinye biyu ya faɗi a ta uku, kuma a ta ukun nan ne aka fi tafka asarar manyan kuɗi.

Ta farko ita ce mai sauƙi. Ana wanke dutse, a auna shi a sikeli. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, wato karat 5 ke ba da giram 1. Daga nan sai a sake auna shi yana rataye a cikin ruwa. Kowane dutse yana da nauyinsa idan aka kwatanta shi da ruwa mai girmansa. A ce dutse ya yi giram 2.00 a fili, a cikin ruwa ya koma 1.50. Ya rasa 0.50 ke nan. Ka raba 2.00 da 0.50, ka samu 4, kuma 4.00 lambar safaya ce da yakutu, don asalinsu dutse ɗaya ne, launi ne ya raba su. Tofas 3.53 yake bayarwa, sifinel 3.60, tomalin wajen 3.06, akwa wajen 2.7, kwaz 2.65, kwalbar lemo wajen 2.5. Wannan ne kaɗai gwajin da zan ce ku jarraba kafin ku yi tafiya. Ku je wurin mai sayar da zinari da ke da sikelin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo. A auna dutsen. A ɗora kofin ruwa a mayar da sikelin sifili, a ɗaure dutsen da siririn zare a zura shi ya nutse ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Lambar da ta fito, da ita za a raba nauyin farko. Idan ƙwayar ƙarama ce sosai lissafin kan kauce, amma zai raba muku kwalba da safaya.

Sai rifraktomita, wato ma'aunin karyewar haske. Ka san yadda kara ke yi idan ka tsoma shi a bokitin ruwa, sai ka ga kamar ya karye a daidai bakin ruwan. Haske ne ya lanƙwasa, kuma kowane dutse da gwargwadon yadda yake lanƙwasa shi. Ana ɗiga wani ruwa na musamman a kan gilashin na'urar, a kifa gogaggiyar fuskar dutse a kai, a leƙa. Safaya na nuna inuwa biyu, a 1.762 da 1.770, don tana raba haske gida biyu. Sifinel inuwa ɗaya yake nunawa, a 1.718. Kwalba ma ɗaya. Duwatsun ƙanenka ɗanyu ne, ba su da gogaggiyar fuska, saboda haka sai da izininku za a goge musu 'yar taga a gefe.

To a ce duka taran sun ba da 4.00, sun ba da 1.762 da 1.770. Safaya ce, babu shakka. Amma ba a nan murna take ba, kuma a nan nake so ka natsu.

A 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana wa duniya yadda ake yin yakutu a masana'anta. Ana zubo garin alumina, wato sinadarin da ke jikin safaya da yakutu, sannu a hankali ta cikin harshen wuta mai zafin sama da digiri 2,000, ya narke, ya riƙa ɗiga yana daskarewa a kan wani ɗan sanda, har ya taru ya zama curi mai siffar ƙaramar kwalba. In an sa kuromiyom ya fito ja, in an sa ƙarfe da titaniyom ya fito shuɗi. Abin da ya fito ba kwaikwayo ba ne irin na kwalba. Sinadarinsa na safaya ne, taurinsa 9, nauyinsa 4.00, hasken da yake karyawa iri ɗaya. Bambancin shi ne wannan cikin sa'o'i aka yi shi, ana sayar da shi a kilo, ga araha kamar banza. Shekara sama da 120 ke nan ana yinsa, ka ga har zoben da aka gada tun kaka da kakanni bai tsira daga zargi ba.

Dabarar da ake yi a duk inda ake haƙar dutse a duniya ita ce a sayo wannan curi, a farfasa shi da guduma, a jujjuya gutsattsarin da yashi har kaifinsu ya mutu, wani lokaci a gasa su a tsoma a ruwan sanyi don su tsattsage, a cusa musu laka, a kai su bakin rami. Mai saye yana ganin rami a gabansa, yana ganin laka a jikin dutse, sai hankalinsa ya kwanta. Shi ya sa shidan nan da aka saya a hannun mai cewa matsuwa ce suka fi tsaya mini a rai. Ban ce jabu ne ba, don safayar Mambila gaskiya ce, tun wajen 2013 da 2014 sunanta ya zagaya kasuwannin duniya, kuma kafin ita an san ta kudancin Kaduna wajen Jema'a. Sai dai inda na gaske ya yi suna, nan jabu ke zuwa ya fake.

Madubin ƙara girma ne ke raba wannan gardama. Mukan nutsar da dutsen a ruwa ko wani mai, mu hasko shi daga ƙasa, mu riƙa juya shi a hankali da ɗan hantsaki. Safayar ƙasa ta girma ne da fuska shida, saboda haka launinta a ciki layi-layi yake, miƙaƙƙu, suna haɗuwa da kusurwa kamar ɗakunan saƙar zuma. Ta Verneuil kuwa ɗigo bisa ɗigo ta taru a kan kai mai lanƙwasa, sai layukanta suka fito a lanƙwashe, ɗaya na bin ɗaya, kamar zagayen saƙar faifai. Duk ranar da na ga faifan nan a cikin shuɗin dutse, magana ta ƙare, don ƙasa ba ta yin lanƙwasasshen layi a cikin safaya. Sau da yawa za ka ga 'yan ƙwallayen iska a tare da shi, wasu zagaye, wasu da 'yar wutsiya kamar talibambam. Ta ƙasa kuwa abin da ke cikinta daban ne: 'yan ƙwayoyin wasu ma'adinai da ta haɗiye tana girma, tsofaffin tsagu da suka warke suka bar zane kamar shatin ɗan yatsa, da siraran allurai da muke ce wa siliki, masu gicciye juna ta fuska uku. Abin da dillali ke kira datti yana rage kuɗi da shi, mu a wurinmu shi ne takardar haihuwar dutse. Dutse babba, launi ya ji, cikinsa tas babu ko ɗigo, ga shi da araha, wannan abin tsoro ne.

Safayar Najeriya tana da wata shaida kuma. Daga duwatsun aman wuta ta fito, tana da ƙarfe da yawa a jikinta. Idan aka leƙa ta da ɗan bututun da ke warware haske zuwa launukan bakan gizo, sai a ga baƙin layi mai kauri a ɓangaren shuɗi, a daidai nanomita 450, wato lambar awon zangon hasken. A ta Verneuil layin nan ba ya fitowa, in ma ya fito sai dishi-dishi. Muna kuma haska ta da fitila dangin wadda ake duba jabun kuɗi da ita a banki, amma mai gajeren zango. Ta masana'anta kan yi wani haske fari-fari mai ratsin shuɗi kamar an barbaɗa mata alli, tamu kuwa ta yi shiru.

Tambaya ta uku ita ce mai wuya. Yawancin safaya da yakutun da ke kasuwar duniya an gasa su. Tun shekarun 1970 'yan kasuwar Tailan suka gano cewa wata farar safaya mai hazo ta ƙasar Siri Lanka, wadda a da ba a ɗauke ta a bakin komai ba, in ta sha wuta mai tsanani sai silikin cikinta ya narke ta rikiɗe shuɗiya. Gashi ba laifi ba ne a kasuwa, launin ba ya komawa, amma wadda ba a gasa ba ta fi tsada nesa ba kusa ba, saboda haka dole a faɗa. A madubi ana ganin silikin ya kakkarye ya zama ɗigo-ɗigo, ƙwayoyin ciki sun narke sun yi fari kamar ƙullin auduga, kowacce da zagayen tsaga kewaye da ita kamar ƙwai a kasko. Akwai na'urar da ake kira FTIR, mai aiki da hasken da ido ba ya gani, wadda kan nuna wata alama a lamba 3309. A safayar Siri Lanka ko Madagaska alamar nan mai ƙarfi tana nuni da gashi. A tamu kuwa tana iya fitowa ba tare da kowa ya gasa ta ba, don dutsen aman wutan da ya ɗauko ta daga ƙarƙashin ƙasa ya riga ya dafa ta. Mai gwajin da bai san wannan ba zai iya yi wa dutsen ƙanenka ƙazafi, ya karya masa daraja. Shi ya sa na'ura kaɗai ba ta isa, sai da wanda ya san asalin abin da yake dubawa.

Akwai wanda ya wuce gashi. Ana binne safaya maras launi a garin titaniyom a gasa, launin ya shiga fatarta kawai, bai kai kaurin farce ba. A nutsar da ita a ruwa sai ka ga shuɗin ya taru a gefuna da kusurwoyi kamar saƙar gizo, in aka sake goge ta launin ya tafi. A ƙarshen 2001 kuma sai ga safaya ruwan lemo mai ratsin hoda ta cika kasuwar Tailan. Sai da manyan ɗakunan gwaji na duniya suka yi watanni kafin su gano cewa da sinadarin beriliyom ake gasa ta, a zafin wajen digiri 1,800. Shi beriliyom yana iya ratsa dutse har tsakiya, madubi kuma ba lallai ya kama shi ba. Sai an harba wa dutsen hasken lesa, ya ƙona wani ɗan gurbi da ido ba ya gani, na'ura ta karanta ƙurar da ta tashi. Irin wannan na'ura sai manyan wurare.

Mu dawo kan jan dutsen dillali, wanda shi ne zai ci shanun. A hoton na ga yana da girma, an yanke shi, kuma dillali na gaggawa. Abu biyu nake zargi. Ko dai na Verneuil ne, ko kuma abin da ya ɓullo a 2004, wato yakutu mai cikon gilashi. Ana samun yakutun ƙasa na gaske amma ruɓaɓɓe, mai tsagu kamar ƙasar fadama da rani, wanda ba ya sayuwa. A wanke shi da asid, a gasa shi tare da garin gilashi mai darma. Gilashin ya narke ya bi kowace tsaga ya cike ta. Da yake gilashi mai darma yana karya haske kusan daidai da yakutu, sai tsagun su ɓace wa ido, dutse ya fito garau. Za a auna shi ya amsa sunan yakutu, a duba a ga na ƙasa ne, amma wani sa'in gilashin ne ke riƙe da shi gaba ɗaya. A ƙarƙashin madubi, in ana juya shi, sai ka ga wani walƙiya shuɗi ko ruwan lemo yana gilmawa ta cikin tsagun, ga ƙwallayen iska da suka maƙale, wasu a baje kamar an taka su. In aka karkatar da fuskarsa ga fitila, sai siraran layuka marasa ƙyalli su bayyana a kai, nan ne bakin gilashin. Irin wannan dutse ko ruwan lemon tsami ya daɗe a kansa sai ya ci gilashin, fararen layuka su fito. Maƙerin zobe ya kusanto da wuta, ya lalace. Kuɗinsa bai kama ƙafar na yakutu gangariya ba.

Sauran duwatsunmu ma kowanne da abin da ake yi masa. Zumurrudu ana shayar da tsagunsa mai ko wani ƙaro na roba, takardar gwaji kuma kan faɗi ko kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai yawa. Farin tofas, irin wanda ake samu a wuraren kuza, ana dukansa da haskoki masu ƙarfi a gasa ya koma shuɗi, kuma kusan duk shuɗin tofas mai kauri da ke kasuwa haka aka yi shi. Akwa ana ɗan gasa ta a wajen digiri 400 don kore ya fita. Wani lokaci kuma gwaji alheri yake tonowa: tomalin mai tagulla a jiki, mai shuɗin nan kamar an kunna masa fitila, wanda aka fara samu a jihar Paraiba ta Birazil a ƙarshen shekarun 1980, an same shi a Najeriya wajen 2001. Ido ba ya tabbatar da tagullar, sai na'urar da ke karanta sinadarai, kuma wanda bai gwada ba zai iya sayar da shi a kuɗin tomalin gama-gari.

Murjanin Inna kuwa, a yi masa a hankali. Murjani ba dutsen ƙasa ba ne, wata halitta ce ta teku ke gina shi, kuma jan da iyayenmu suka sani mafi yawa daga tekun Bahar Rum yake zuwa. Taurinsa bai wuce 3 da rabi zuwa 4 ba, wuƙa na kankare shi. Na gaske in ka duba shi da madubi za ka ga siraran layuka a jere suna bin tsawonsa kamar jijiyar itace. Na kwalba yana da ƙwallayen iska, bakin hudarsa kuma kan ɓantare da ƙyalli. Na roba ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a kumatu. Akwai kuma farin murjani mai araha da ake rinawa ja, shi ana gane shi da taruwar rini a cikin huda da tsagu. Za ka ji ana cewa a ɗiga masa lemon tsami a ga ko zai yi kumfa. Kada ku yi. Zai ci fuskarsa, kuma rinannen ma kumfar zai yi. In akwai tsakiya ko aƙiƙ a cikin kayan nata, ka sani gyaran launinsu tsohon abu ne: a Kambay ta Indiya an daɗe ana gasa aƙiƙ a tukwane don ya yi ja, garin Idar-Oberstein na Jamus kuma ya shafe shekaru masu yawa yana rina shi yana aikowa kasuwannin Afirka ta Yamma. Wannan bai rage wa kayan gado mutuncinsu ba.

Fairuz mafi suna daga Naisabur ta ƙasar Iran yake fitowa. Amma sayen zobe a ƙasa mai tsarki ba ya nufin dutsen gangariya ne, don 'yan kasuwar can ma sarowa suke yi. Abin da aka fi sayarwa da sunansa wasu fararen duwatsu ne masu baƙaƙen jijiyoyi, haulait da magnesait, da ake rinawa shuɗi, ko garin dutse da aka kwaɓa da roba. Ka samu auduga ka jiƙa da asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, ka ɗan shafa a bayan dutsen inda ba a gani. In audugar ta yi shuɗi, rini ne. In ba ta yi ba, ba hujja ba ce, don wani rinin an lulluɓe shi da roba. In don sawa ne da tunawa da wanda ya kawo maka, sa abinka.

Naisabur ɗin nan garin Imamu Muslim ne, wanda ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu a tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kai manomi ne, ka fi ni sanin buhun da aka yi wa kyakkyawan baki. Na kawo wannan ne saboda ƙanenka. Idan gwaji ya nuna shidan nan na masana'anta ne, za a samu mai ba shi shawarar ya gauraya su da ukun ya miƙa wa na gaba. Ka hana shi. Dutsen masana'anta halal ne a sayar da shi da sunansa, gasasshe ma haka, mai ciko ma haka. Ɓoyewar ce haram, kuma kasuwar dutse ƙarama ce, wanda aka kama sau ɗaya an daina buɗe ƙullinsa.

Ga abin da za ku yi. Ku raba ukun da ya haƙo da shidan da ya saya, kowanne da ledarsa, kada su sake haɗuwa. Kowace ƙwaya a auna ta, a rubuta nauyinta, a ɗauke ta hoto kusa da kan ashana, don musanya na faruwa a hannun masu cewa bari in nuna wa maigidana. Kada a gasa, kada a fasa, kada a sake gogawa a gilashi. A Jos da Ibadan ne cinikin duwatsu ya fi ƙarfi, a can za ku samu masu rifraktomita da madubi. Hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta tarayya, NGSA, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna. Duk inda kuka je, mai gwadawa ya zama daban da mai saye, ku biya shi ladan aikinsa, a yi a gabanku, ya rubuta muku lambobin da ya samu, ba sunan dutse kaɗai ba. In wata ƙwaya ta fito babba mai kyau, ita ce ta cancanci a kai ta Bankok ko Suwizalan, ko cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, da aka kafa a 1931, a yi mata cikakkiyar takarda. In kuma ƙanenka zai riƙi sayen dutse sana'a, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta masa neman izinin saye da mallaka daga ma'aikatar ma'adinai.

Shi kuma dillali, ka ce masa kun amince a kai jan dutsen gwaji a wurin da ku kuka zaɓa, kuɗin gwaji a kanku, ciniki sai bayan sakamako. In ya fito da takarda mai hatimi ya ce an riga an gwada, a duba lambarta a shafin intanet na masu takardar, a ga ko nauyi da awon da aka rubuta sun yi daidai da dutsen da ke hannunsa, don ana buga takardun jabu, ana kuma haɗa takardar gaske da wani dutse daban. In ya ce babu lokaci, akwai wani Alhaji da ke jira da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya ba Alhajin sa'a, ka koma gonarka. Idan kun auna taran a ruwa, ka aiko mini da lambobin kowace ƙwaya, in gaya maka waɗanda suka cancanci kuɗin mota zuwa Jos. A gaishe da Inna.